Manhajar da ke Yanke Hukunci: Wa Ya Tabbatar da Iliminta?

Yau maganarmu a kan wani nau'in manhajar kwamfuta ce da aikinta ya sha bamban da na sauran. Akwai manhajar da iyakarta ajiye sunaye ko tura saƙo, akwai kuma wadda aka ɗebo ilimin likita ko alƙali ko injiniya aka zuba mata, aka ce ta riƙa ba da shawara ko ta yanke hukunci a madadinsu. Ita ce ke gaya wa ma'aikaciyar lafiya maganin da za a ba yaro da gwargwadonsa, ita ce ke tantance wanda ya cancanci tallafin gwamnati, ita ce kuma a wayar hannu take raba gado idan aka lissafa mata magada. Abin da nake so in kafa hujja a kansa shi ne, irin wannan manhaja ba ta cancanci amana ba don kawai an gwada ta an ga ta yi daidai. Wajibi ne a rubuta abin da ake nema daga gare ta da harshen da ba ya ɗaukar fassara biyu, wato harshen lissafi da manɗiƙi, sannan a kawo hujjar cewa ta cika shi a kowane hali. A ganina kuma, babbar ribar wannan aiki ita ce yadda yake tilasta wa masu ilimin su faɗi abin da suka daɗe suna ɗauka ba tare da sun furta ba.

Bari mu fara da yadda ake gina ta. Kashi biyu gare ta. Na farko rumbun ilimi ne, inda ake tara ƙa'idoji masu siffar “idan kaza da kaza suka tabbata, to hukunci kaza ne”. Na biyu shi ne injin da ke bin waɗannan ƙa'idoji, yana haɗa wannan da waccan har ya kai ga amsa. Mafi shahara a cikin na farko-farko ita ce MYCIN, wadda Edward Shortliffe ya ƙera a Jami'ar Stanford ta Amurka a farkon shekarun 1970, da ƙa'idoji kusan 600 kan cututtukan da ƙwayoyin cuta ke jawowa a jini da kuma sanƙarau. A 1979 aka wallafa sakamakon wani gwaji da aka yi mata: an ba ta bayanan majinyata 10 masu sanƙarau, aka ba wasu likitoci bayanan nan, sannan wasu ƙwararru takwas suka auna amsoshin ba tare da sun san na wane ne ba. Sun amince da kashi 65 cikin 100 na maganin da MYCIN ta zaɓa, alhali malaman likitancin da aka gwama ta da su sun samu tsakanin 42.5 da 62.5. Sakamako ne mai burgewa, kuma duk da haka ba a taɓa sa MYCIN aikin yau da kullum a asibiti ba. Dalilan suna da yawa, har da tsadar kwamfutocin zamanin da batun wanda zai ɗauki alhaki idan an yi kuskure. Amma ku riƙe adadin nan, majinyata 10. Nasara a kan mutum goma ba ta gaya mana abin da zai faru da na sha ɗaya.

Wani zai ce ai Bahaushe ya riga ya gama magana, sai an gwada akan san na ƙwarai, a ƙara yawan gwajin mana. To a nan gizo ke saƙa. A ce manhaja tana yi wa majinyaci tambaya 30 kacal, kowace amsarta i ko a'a. Yawan hanyoyin da amsoshin nan za su iya haɗuwa ya haura biliyan ɗaya. Idan tambayoyin suka kai 60, ko da kwamfuta tana gwada hali miliyan ɗaya a kowace daƙiƙa, sai ta shafe fiye da shekara 36,000 kafin ta gama. Manhajojin gaske kuwa suna karɓar shekaru da nauyi da zafin jiki da sakamakon gwajin jini, ba i da a'a kaɗai ba. Saboda haka duk gwajin da aka yi ɗan tsakure ne, kuma mai gwajin yakan tsakuro abin da ya zo masa a rai, wato halin da ya saba gani. Kuskure kuwa yakan maƙale ne a halin da bai zo wa kowa a rai ba. Masanin kwamfuta ɗan ƙasar Holan, Edsger Dijkstra, ya jima da jan hankali cewa gwaji yana iya nuna akwai kuskure, amma ba ya iya nuna babu shi. A manhajar ilimi matsalar ta fi tsanani, domin ba kamar sauran manhajoji ba, mai rubuta ta bai tsara jerin matakan da za ta bi ba. Injin ne ke zaɓar ƙa'idar da zai ɗauka gwargwadon bayanin da ya samu, sai ƙa'idar da aka ƙara yau ta sauya halin wata da aka rubuta shekara uku da suka wuce ba tare da kowa ya lura ba.

Mutanen Stanford ɗin su ne suka fara ɗaukar mataki. A 1982 Motoi Suwa da Carlisle Scott da Shortliffe suka bayyana wata na'urar bincike da suka yi wa ONCOCIN, manhajar da ke taimaka wa likitocin ciwon daji. Na'urar ba ta jiran majinyaci, ƙa'idojin kansu take bi. Tana neman guda biyu da sharaɗinsu ɗaya amma hukuncinsu ya saɓa, tana neman waɗanda suka maimaita juna, tana kuma neman giɓi, wato halin da babu ƙa'idar da ta yi magana a kansa. Giɓin nan ya fi ba ni tsoro, don shi ba ya ƙara. Ku duba tsarin kula da yara marasa lafiya na Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF, wanda ma'aikatan ƙananan asibitocinmu suka sani. Yaro daga wata 2 zuwa ƙasa da wata 12, idan yana numfashi sau 50 ko fiye a minti ɗaya, numfashinsa ya yi sauri, alamar nimoniya ke nan. Daga wata 12 zuwa ƙasa da shekara 5 kuwa, ma'aunin 40 ne. Yanzu a ce mai rubuta manhaja ya sa “ƙasa da wata 12” a ƙa'ida ta farko, ya sa “sama da wata 12” a ta biyu. Yaron da ya cika wata 12 cif ya faɗa tsakani. Uwarsa ta kawo shi yana haki, an ƙirga 48 a minti, manhaja ba ta ce komai ba, ma'aikaci ya ɗauki shirunta a matsayin lafiya lau. Ana iya gwada yara dubu ba a dace da wannan ba, amma binciken ƙa'idojin zai fito da shi nan take. Idan ƙa'idojin suka yi yawa kuwa, idon mutum ba ya iya wannan aiki. XCON, manhajar da John McDermott na Jami'ar Carnegie Mellon ya fara wa kamfanin Digital Equipment Corporation don haɗa sassan kwamfutocin da ake oda, ta fara aiki a 1980, zuwa 1987 ta haura ƙa'ida 6,000, kuma kusan rabinsu ake sauyawa duk shekara. Babu kan da zai riƙe dangantakar wannan tari.

Sai dai neman saɓani da giɓi matakin farko ne kawai. Ƙa'idoji suna iya dacewa da juna sarai, su kuma kai ga amsar banza. Mataki na gaba shi ne a rubuta sharaɗin da dole kowace amsa ta cika, daban da ƙa'idojin da ke samar da amsar. Ilimin rabon gado yana nuna wannan ƙarara. Mace ta rasu ba ta bar ɗa ko jika ko uba ba, ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai, dukiyarta naira 420,000. Rabon miji rabi ne, na 'yan'uwan kuwa biyu bisa uku. Wanda ya zuba waɗannan ƙa'idoji biyu cikin manhaja ya tsaya nan, manhajarsa za ta ba miji 210,000, ta ba 'yan'uwa 280,000. A haɗa, 490,000 ke nan, an raba abin da babu. Kowace ƙa'ida daidai take, iliminsa ne bai cika ba, domin tun zamanin Sayyidina Umar malamai suka san hukuncin auli, inda asalin mas'alar ke tashi daga shida zuwa bakwai, miji ya karɓi uku bisa bakwai, wato 180,000, 'yan'uwa su karɓi huɗu bisa bakwai, wato 240,000. To da tun farko an rubuta sharaɗi guda, cewa ko su wane ne magada, jimlar abin da aka raba ba za ta wuce abin da aka bari ba, sannan aka nemi hujjar cewa ƙa'idojin suna cika shi, da hujjar ta ƙi fitowa, kuma inda ta cije nan ne daidai inda ilimin ya yi ƙaranci. Wannan shi ne rubuta sharuɗɗa da tabbatar da su. Gwaji yana cewa na ga ta yi daidai a kan iyali ɗari. Hujja tana cewa babu iyalin da za a kawo ta raba fiye da dukiyarsu, ga kuma dalili mataki-mataki, wanda wata kwamfutar za ta iya bi ta tantance.

Tunanin ba sabo ba ne. Alan Turing ya taɓo shi a 1949, Robert Floyd a 1967 da Tony Hoare a 1969 suka shimfiɗa masa ƙa'idoji. Daga baya aka samu hanya ta biyu, inda ake zana taƙaitaccen hoton manhajar a bar kwamfuta ta bi duk halin da hoton zai iya shiga, aikin da ya sa Edmund Clarke da Allen Emerson da Joseph Sifakis suka sami lambar Turing ta 2007. Shaidar da na fi ba nauyi ta fito ne daga hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA. Ta ƙera wata manhaja mai suna Remote Agent, wadda za ta riƙa tsara wa kumbon Deep Space 1 aikinsa, ta gano matsala ta kuma nemi mafita da kanta. A 1997 Klaus Havelund da Mike Lowry da John Penix suka ɗauki wani sashe nata suka bincika da na'urar SPIN, suka gano kurakurai biyar da suka shafi yadda ayyuka biyu masu tafiya lokaci guda ke cin karo, aka gyara. A watan Mayun 1999, kumbon yana miliyoyin kilomita daga duniya, aka miƙa wa manhajar ragama, sai ta cije, sassa biyu kowanne yana jiran ɗaya. Da aka bi diddigi, kuskuren irin ɗaya daga cikin biyar ɗin nan ne, amma a wani sashen da ba a yi wa wancan binciken ba. Manhajar ta sha gwaji mai yawa a ƙasa kafin a harba ta, gwajin bai kama shi ba, saboda sai lokaci ya daidaita da wata irin dacewa da ba kasafai ake samu ba kafin ya bayyana.

Yanzu ga abin da na ce shi ne babbar riba. A shekarun 1980 da 1990 masu bincike a Turai, musamman a Amsterdam ƙarƙashin tsarin KADS wanda ya zama CommonKADS, suka dage cewa kafin a rubuta ƙa'ida ko ɗaya a fayyace abu uku daban-daban: aikin da ake so a yi, hanyar da za a bi a warware shi, da ilimin fagen da hanyar ke buƙata. Frank van Harmelen da Dieter Fensel da abokan aikinsu suka ƙirƙiro harsunan lissafi na rubuta waɗannan. Fensel da Arno Schönegge suka yi amfani da na'urar kafa hujja ta KIV, wadda aka fara ƙerawa a Karlsruhe ta Jamus, suka kuma nuna cewa hujjar da ta ƙi kammaluwa tana da amfani, domin abin da ya rage a cike shi ne zaton da hanyar ta dogara a kai ba a faɗa ba. Misali, hanyoyin gano cuta ko lalacewar inji da yawa suna aiki ne bisa zaton matsala ɗaya ce tak. Zato ne mai sauƙaƙa lissafi, amma yaron da ya zo da zazzaɓin cizon sauro da nimoniya tare ya rushe shi. Haka manhajar gado: idan mamaci ya bar kaka na wajen uba da 'yan'uwa maza, a wurin Imam Abu Hanifa kakan yana katange su, a wurin Imam Malik da Imam Shafi'i kuwa suna gado tare. Manhajar da aka rubuta a kan mazhaba ɗaya ba ta yi kuskure ba a inda aka rubuta ta, amma idan ba ta bayyana mazhabarta ba, wanda ya sauke ta a Kano ko Maraɗi zai iya hana wani haƙƙinsa yana ganin ya bi ilimi. Ɓoyayyen zato irin wannan ne ya tarwatsa rokar Ariane 5 ta Turai ranar 4 ga Yuni, 1996, kusan daƙiƙa 40 da tashinta. An ɗauko wani sashen manhaja daga Ariane 4, inda wata lamba ba ta taɓa wuce wani iyaka ba. Sabuwar rokar ta fi gudu, lambar ta wuce mazubin da aka tanadar mata. Sashen ya yi shekaru yana aiki lafiya, sharaɗin lafiyarsa ne bai bi shi zuwa sabon gida ba.

Wani aiki ya ƙara fito da wannan fili. A farkon shekarun 2000 wasu jami'o'in Turai suka haɗu a shirin Protocure, suka ɗauki jagororin likitanci biyu da ake aiki da su a zahiri, ɗaya na ƙungiyar likitocin yara ta Amurka kan ciwon shawara na jarirai, ɗaya na likitocin Holan kan ciwon suga. Suka mayar da su harshen Asbru, sannan suka shigar da su KIV. Tun ba a kai ga kafa hujja ba, aikin mayarwar kansa ya tono wurare da dama inda jagorar take ɗaukar ma'ana biyu, ko ta yi shiru a kan wani hali, ko wani sashe nata ya saɓa wa wani. Ku lura, waɗannan takardu ne da kwamitocin ƙwararru suka rubuta suka tace. Likita yana karanta su ya cike giɓin da basirarsa bai ma san ya cike ba. Kwamfuta ba ta da wannan basirar, kuma sabon ma'aikaci a asibitin ƙauye da ba shi da babba kusa da shi, shi ma bai tara ta ba tukuna.

Akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma hujjojinsu ba na wasa ba ne. Mafi ƙarfi ita ce: hujjar lissafi tana nuna manhaja ta dace da sharuɗɗan da aka rubuta, to idan sharuɗɗan kansu ne gurɓatattu fa? Masanin falsafa James Fetzer ya tayar da ƙura a 1988 da ya ce lissafi yana magana ne a kan tsari a takarda, ba ya iya lamunce abin da inji zai yi a duniyar zahiri. Gaskiya ne, kuma Ostareliya ta ɗanɗana irin wannan. Daga 2016 gwamnatinta ta yi amfani da tsarin da aka fi sani da Robodebt, wanda ke ɗaukar kuɗin da mutum ya samu a shekara ya raba daidai a kan kowane mako biyu, sannan ya ce an biya shi tallafi fiye da haƙƙinsa. Wanda ya yi aikin wata uku ya zauna sauran watannin babu aiki, sai a ɗauka yana samu duk shekara, a aiko masa takardar bashi. A 2020 gwamnati ta sanar za ta mayar da kuɗin basussuka kusan 470,000, dalar Ostareliya miliyan 721, kuma hukumar bincike ta yi tir da tsarin a rahotonta na 2023. Manhajar ta yi abin da aka ce ta yi, umarnin ne ya saɓa wa doka. Na yarda babu hujjar lissafin da za ta mayar da zalunci adalci. Amma dokar ƙasar tana auna abin da mutum ya samu a kowane mako biyu ne a zahiri. Da sharaɗin da aka rubuta shi ne duk bashin da aka fitar ya zama bashi a ƙarƙashin wannan doka, da ba za a iya kafa hujjar ba sai an ƙara zaton cewa samun kowa bai sauyawa daga mako zuwa mako, zaton da duk mai hankali zai ƙi sa wa hannu idan ya gan shi a rubuce. Sharuɗɗa shafi kaɗan ne, lauya da likita da malami suna iya zama su yi gardama a kansu. Dubban ƙa'idojin da ke cikin manhaja kuwa ba mai karanta su sai wanda ya rubuta.

Hujjarsu ta biyu ita ce tsada, kuma ita ma gaskiya ce. Masu bincike a Ostareliya da suka tabbatar da seL4 a 2009, wata 'yar ƙaramar zuciyar manhaja mai layi kusan 8,700, sai da suka rubuta hujja mai layi kusan 200,000, aikin da ya ci kimanin shekara 20 idan aka tara lokacin ma'aikatan. Ba kowace manhaja ce ta cancanci wannan ba, kuma ban ce a yi wa manhajar wasa ba. Amma layin jirgin ƙarƙashin ƙasa na 14 a birnin Faris, wanda aka buɗe a 1998 ba tare da direba ba, an gina sashen tsaron manhajarsa da hanyar B ta Jean-Raymond Abrial, kuma kwamfuta ce ta warware mafi yawan dubban ƙananan hujjojin da aikin ya buƙata. Rumbun ƙa'idoji kuwa ya fi waɗannan sauƙin bincike, tun da ƙa'idojin dama da siffar manɗiƙi suka zo. Neman saɓani da giɓi a jadawalin maganin yara aiki ne da na'urorin yau ke gamawa cikin ɗan lokaci. Wanda ya ce wannan ya yi tsada, sai ya kwatanta shi da abin da kamfanin Intel ya yi asara a 1994, dala miliyan 475, saboda kuskure a sashen rabawa na na'urar Pentium.

Ta uku ta fi taɓa zuciya. Ana cewa ilimin gwani ba ya shiga ƙa'ida, tsohuwar ungozoma tana gane haɗari da kallo, alƙali yana auna abin da doka ba ta ambata ba. Haka ne, kuma wannan hujja ce a kan kada a miƙa wa manhaja komai. Amma abin da aka riga aka miƙa mata ya zama ƙa'ida ko an so ko an ƙi, tun da kwamfuta ba ta iya aiki da wani abu sai ƙa'ida. Tambayar da ta rage ita ce ko ƙa'idar tana fili ko tana ɓoye. Kuma harsunan rubuta sharuɗɗa sun ci gaba. A Faransa Denis Merigoux da abokansa sun ƙera Catala, harshen da aka tsara bisa yadda doka take, hukunci na gaba ɗaya sannan togaciya a kansa, inda lauya da mai rubuta manhaja ke zama tare suna bin doka saɗara-saɗara. Da suka rubuta dokar tallafin iyali ta ƙasar da shi, sun ci karo da kuskure a manhajar hukuma da jama'a ke amfani da ita.

Ta ƙarshe ita ce ta zamani: ai an wuce wannan, yanzu ƙirƙirarriyar basira daga bayanai take koyo, babu wasu ƙa'idoji da za a bincika. Da farko dai ba a wuce ba. Lissafin haraji da albashi da inshora da gargaɗin haɗa magunguna masu cin karo, har yau galibinsu a kan rubutattun ƙa'idoji suke tafiya. Na biyu, tabbatar da manhaja mai koyo yana yiwuwa a ƙaramin mataki. A 2017 Guy Katz da abokansa a Stanford sun kafa hujjoji a kan ƙananan manhajoji masu koyo na tsarin hana jirage marasa matuƙi yin karo, sun kuma gano inda wasu sharuɗɗan suka karye. Manyan manhajojin hira da ake ta yayi yanzu sun fi ƙarfin wannan hanya, kuma wannan dalili ne na ƙara tsanantawa. Idan ba za a iya leƙa cikin mai ba da shawara ba, sai a tsayar da mai gadi a bakin ƙofarsa: ɗan ƙaramin sashe na ƙa'idoji da aka tabbatar, wanda ba zai bar wani gwargwadon magani ya wuce iyakar nauyin yaro ba, ba zai bar rabon da ya fi dukiya ya fita ba, ko me babbar manhajar ta faɗa. Mai gadin nan kuwa ba ya samuwa sai an zauna an rubuta sharuɗɗan.

Maganar ta iso mu. A jihar Adamawa ma'aikatan ƙananan asibitoci sun yi aiki da ALMANACH, manhajar da ke bi da su mataki-mataki wajen duba yara, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta soma fitar da wasu jagororinta a siffar da kwamfuta za ta iya karantawa. Ina maraba da wannan, domin inda likita ya yi ƙaranci, ilimin da aka tsara da kyau yana ceton rai. Amma ma'aikatar da za ta karɓi irin wannan manhaja daga ko'ina ta fito tana da haƙƙin ta nemi a ajiye mata takardar sharuɗɗa a kan tebur, da harshen da likitocinta za su iya karantawa. Ta tambayi wace jagora aka bi da ta wace shekara, waɗanne cututtuka aka ɗauka suna yawo a yankin, wane gwaji aka ɗauka akwai shi a asibitin, me manhajar ke yi idan ba a san shekarun yaro ba ko ma'auni ya lalace, da kuma wanda zai sake binciken duk lokacin da aka sauya ƙa'ida guda. Jami'o'inmu da ke koyar da kwamfuta su ma suna da abin yi, domin SPIN da wasu na'urorin kafa hujja kyauta ake sauke su, kuma ɗalibin da ya rubuta sharuɗɗan rabon gado a mazhabar Malikiyya tare da malamin fiƙihu, ya kafa musu hujja, ya koyi aikin nan a kan ilimin da mutanensa za su iya tantancewa da kansu.